Sabon Kiɗa ga Tsohon Fim: Misalin "Napoléon" na Abel Gance

Finafinan da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1920 ba su ɗauke da sauti, amma da wuya a nuna su cikin shiru. A ƙananan gidajen silima mutum guda ke kaɗa piyano yana bin abin da ke gudana a allo. A manya kuwa ƙungiyar makaɗa ce sukutum. Wanda ya riski majigi a ƙasar Hausa zai gane tsarin, domin can ma akwai mai bayani a gefe, kuma abin da ya faɗa shi jama'a kan tafi da shi gida. Da yake kiɗan ba a jikin fim yake ba, yawancinsa ya salwanta. Saboda haka duk mai son farfaɗo da irin waɗannan finafinai tilas ya nemi wanda zai tsara musu sabo.

Misalin da ya fi fito da wannan al'amari fili shi ne "Napoléon", wanda Bafaranshe Abel Gance ya shirya, aka fara nuna shi a Faris ran 7 ga Afrilu, 1927, tare da kiɗan da Arthur Honegger ya haɗa. Daga baya 'yan kasuwa suka daddatse shi, guntayensa suka warwatsu a ƙasashe. Wani masani ɗan Ingila, Kevin Brownlow, ya yi shekaru yana tattara su, har aka nuna fim ɗin a Landan a 1980, tsawonsa kusan awa 5, da sabon kiɗa na Carl Davis.

Aikin ba na wasa ba ne. Sai mai tsarawa ya auna tsawon kowace fitowa da daƙiƙa, sa'an nan ya yanka kiɗansa daidai da ita. A ranar nuni kuma jagoran makaɗa idonsa na kan allo, gama na'ura ba ta jiran kowa. In ya yi jinkiri kaɗan, sai a ga igwa ta tashi kafin a ji ƙararta. Akwai ma wurin da ake koya wa taron 'yan juyin juya hali waƙar da ta zama taken Faransa, inda dole kiɗan ya dace da motsin leɓɓan mutanen da ba a jin muryarsu.

Abin da ya fi cancanta a yi nazari a kai shi ne zaɓin da Davis ya yi. Ya ɗauko kiɗan zamanin Nafoliyon, musamman na Beethoven, wanda ya tsara babban kiɗansa na uku domin girmama Nafoliyon, amma da ya ji labarin ya naɗa kansa sarki a 1804, ya soke sunansa cikin fushi. Fim ɗin Gance kuwa ya tsaya ne a yaƙin Italiya na 1796, gwarzon yana saurayi, yabo kawai ake yi masa. Ke nan mai sauraro da ya san tarihin kiɗan yana jin gargaɗin abin da zai biyo baya, wanda hotunan ba su nuna ba. Wannan fassara ce, ko da an kira ta rakiya.

A 1981 aka nuna fim ɗin a Niyok da wani kiɗa dabam na Carmine Coppola, mahaifin Francis Ford Coppola. An rage tsawonsa zuwa kimanin awa 4, aka kuma ƙara saurin na'ura zuwa hotuna 24 a daƙiƙa maimakon 20, abin da ya sauya har tafiyar 'yan wasan. Taƙaddamar haƙƙin mallaka ta hana Amurkawa jin kiɗan Davis tare da fim ɗin sai a 2012.

A 2024 ma'adanar finafinai ta Faransa ta fito da wani gyaran mai kimanin awa 7. A wannan karon Simon Cloquet-Lafollye ne ya harhaɗa kiɗan daga ayyukan mawallafa da dama, makaɗan gidan rediyon Faransa suka kaɗa shi aka naɗa.