Wasan salula da jarabar sigari: abin da minti uku za su iya yi wa mai son barin taba

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin barin sigari ya san inda gizo ke saƙar. Yanke shawara ba shi da wuya, wasu ma sun yanke ta sau goma, musamman idan azumi ya kama. Wahalar tana zuwa ne bayan an ci abinci an ƙoshi, ko lokacin da aka sauke shayin farko a fada, na kusa da kai ya kunna tasa, hayaƙin ya bugi hancinka. A wannan ɗan lokacin ne alkawari ke rushewa.

Masana lafiya sun daɗe da lura cewa wannan kwaɗayin ba ya daɗewa. Yakan taso da ƙarfi, ya kai ƙololuwa, sannan ya lafa cikin mintoci kaɗan, ko an sha ko ba a sha ba. Nikotin, sinadarin da ke sa jarabar, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙar hayaƙi, shi ya sa jiki ya saba da samun biyan buƙata nan take. Kwanaki ukun farko bayan dainawa su ne mafi tsanani, daga nan abin yakan yi sauƙi a hankali cikin makonni. Tambayar da wasu masu bincike suka yi wa kansu ita ce: me za a ba mutum ya riƙe a hannu har mintocin nan su wuce? Amsar da suka gwada tana aljihun kusan kowane matashi a Maraɗi ko Damagaram.

A shekarar 2015, masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Plymouth da ke Ingila, cikinsu har da Farfesa Jackie Andrade, tare da takwarorinsu na wata jami'a a Ostireliya, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da Tetris. Wannan tsohon wasa ne da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984: tubala masu siffofi daban-daban na faɗowa daga sama, kai kuma kana juya su kana jerawa kafin su cika allon. An ɗauki ɗalibai 31, aka riƙa aika musu saƙo sau bakwai a rana har tsawon mako guda, ana tambayarsu ko suna jin kwaɗayin wani abu, abinci ne, kofi, barasa ko sigari. Kusan rabinsu an umarce su da su buga Tetris na minti uku sannan su sake faɗin yadda suke ji. Ƙarfin kwaɗayin ya sauka daga kashi 70 cikin 100 zuwa 56, kuma tasirin bai dusashe ba har ƙarshen makon.

Bayanin da suka bayar yana da ma'ana. Mai jin jarabar taba ba zaune kawai yake ba, a zuciyarsa yana ganin karan, yana ganin wutar, yana jin ƙamshin. Wannan hoton ne ke hura wa kwaɗayin wuta. To ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke zana hoton shi ne dai wanda ake buƙata wajen jera tubalan Tetris, kuma ba ya iya ɗaukar aiki biyu a lokaci guda. Idan ido da yatsa sun shagala, hoton sigarin sai ya yi rauni.

Daga nan wasu suka ƙera wasanni musamman domin masu shan taba. Masu bincike a Jami'ar Queen Mary ta Landan sun yi aiki kan wani mai suna Cigbreak, inda kara-karan sigari ke tasowa a allo kai kuma kana karya su da yatsa, ana sako maka shawarwarin daina shan taba a tsakani. A Faransa akwai Kwit, da aka ƙirƙira a birnin Strasbourg, wadda ta fi sauƙi ga masu jin Faransanci. Ita tana mayar da barin taba kamar wasa mai matakai: kana hawa daraja, tana ƙirga maka kwanakin da ka yi ba hayaƙi, da yawan karan da ba ka sha ba, da kuɗin da suka rage a aljihunka.

Wannan lissafin kuɗin ba abin rainawa ba ne a wajenmu, inda mai tebur ke sayar da sigari kara-kara, mutum bai taɓa jin ya kashe kuɗi mai yawa a lokaci ɗaya ba. A ce kara guda dala biyar ne, kana shan goma a rana. A wata jika bakwai da rabi ke nan, a shekara ya haura jika 90. Ɗan ci-rani da ke Turai kuwa, inda haraji ya sa kwalin sigari ya yi tsada ƙwarai, abin da yake ƙonawa a wata zai iya cika buhunan hatsi a gida.

Sai dai a yi hattara da zuzutawa. Gwajin Plymouth ƙarami ne, ɗalibai ne ba tsofaffin mashaya taba ba, kuma abin da aka auna shi ne raguwar kwaɗayi na ɗan lokaci, ba yawan waɗanda suka daina ba. A 2019 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken likitanci tana tacewa, ta duba bincike 26 da suka shafi mutane sama da 33,000 kan amfani da waya wajen barin taba. Abin da ta samu zai ba masu son sabon yayi mamaki: saƙonnin tes na ƙarfafa gwiwa da ake turo wa mutum a kai a kai sun ƙara yiwuwar dainawa da kusan rabi, amma manhajojin babbar waya ba a sami gamsasshiyar hujjar cewa suna aiki ba tukuna. Wato ƙaramar waya mai maɓalli ma ba a bar ta a baya ba. Magungunan maye gurbin nikotin, irin wanda ake mannawa a fata ko cingam ɗin taunawa, su ma hujjarsu ta fi ta wasa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma haɗarin gudun gara a faɗa gidan zago. Wasan da ake nufi shi ne gajere, mai cika ido, wanda za ka buɗe ka rufe cikin mintoci, kuma ba ya buƙatar intanet balle ya cinye maka mega. Wasannin caca da na yin fare kan ƙwallo ba sa cikin wannan lissafi, domin faɗuwa a cikinsu na kawo ɓacin ran da ke mayar da mutum ga ashana. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019.

Hukumar ta ce taba na kashe mutane sama da miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba sa sha, hayaƙin wasu ne suke shaƙa. Nijar na da dokar yaƙi da taba tun 2006, wadda ta hana talla da kuma sha a wuraren taruwar jama'a. Amma doka ba ta zama a kan bencin fada, inda kara ɗaya ke zagaya hannu uku, kuma ƙin karɓa kan zama kamar raini. Shisha ma ta shigo ta sami wurin zama, wasu na ɗaukarta a matsayin mai sauƙi alhali ita ma taba ce.

A nan ne wayar za ta iya yin amfanin da masu binciken ba su auna ba. Wanda ya sunkuyar da kai yana buga wasa yana da uzurin cewa hannunsa ba sake yake ba idan aka miƙo masa. In kuwa mutum biyu ko uku a fada ɗaya suka sa ranar dainawa tare, suna gwada wa juna kwanakin da manhaja ta ƙirga musu kamar yadda suke gasar Ludo, to abin ya tashi daga sirri ya zama na jama'a. Irin wannan dabarar ce Faransa ke amfani da ita tun 2016, inda take kiran masu shan taba su daina tare a watan Nuwamba, kuma mazauna can za su iya kiran lambar 39 89 su sami mai ba su shawara.