Tauraron da ba ya zuwa wurin mai gyara

A Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, gidaje da yawa suna da farantin talabijin a kan soro. Farantin ba ya juyawa. Yana duban wani tauraron ɗan'adam da ke can sama, wajen kilomita 36.000 daga ƙasa. Tauraron yana zagaya duniya sau ɗaya cikin awa 24, daidai da juyawar duniya. Shi ya sa yake kamar a tsaye.

Tasha tana aika masa da saƙo daga ƙasa. Kafin saƙon ya isa, ya yi rauni kamar raɗa. Sai wata na'ura ta ƙara masa ƙarfi, ta sauya masa zango, ta maido shi ƙasa. Don me ake sauya zangon? Don kada muryar tauraron ta toshe masa kunne. Mai shela in yana kururuwa, ai ba ya jin mai raɗa.

In rediyo ta lalace, sai a kai ta kasuwa wurin mai gyara. Tauraro kuwa, in ya tashi ya tashi ke nan. Saboda haka injiniyoyi suna sa muhimman na'urori biyu-biyu, in ɗaya ta mutu ɗayar ta karɓa. Tun a ƙasa suke jarraba su. Suna girgiza su da ƙarfi, kamar yadda roka za ta yi. Suna sa su cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska, su gasa su, su kuma daskarar da su. A sama, gefen da ke duban rana ya fi tafasasshen ruwa zafi, gefen inuwa kuma ya fi ƙanƙara sanyi.

Duk da haka akan yi hasara. A watan Mayu na 2007, ƙasar Sin ta harba wa Najeriya tauraron NigComSat-1. Nauyinsa ya ɗara tan 5, wato buhu 100 na simintin Malbaza. An tsara zai yi shekara 15. Amma a watan Nuwamba na 2008, fukafukan da ke kama masa hasken rana suka lalace. Wuta ta ƙare, ya yi shiru. Sai a watan Disamba na 2011 aka harba magajinsa, NigComSat-1R.