Kafin Ɗan Kasuwa Ya Sayi Akwatin Intanet

Tun daga farkon shekarar 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar gani, har mai tumatir a bakin titi ya koma karɓar taransifa, 'yan kasuwar ƙasar nan suka gane cewa sabis ya shiga sahun jari, daidai da rumfa da ma'auni da amintaccen yaron shago. Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a Kano da hantsi ya san abin da nake nufi: yaro ya fito bakin layi ya ɗaga na'urar POS sama da kansa, mai saye na tsaye da kayansa a ɗaure, maigida kuwa sai ba da haƙuri yake yi, yana cewa netwok ne. Idan irin wannan ya yawaita, sai maigida ya aika kasuwar 'yan waya a sayo masa rauta mafi tsada, mai eriya huɗu ko shida, a kawo a jona, bayan mako guda kuma a tarar jiya i yau.

Asalin wannan asara shi ne an haɗa mas'ala biyu an mai da su ɗaya, alhali kuwa kowace da hukuncinta. Ta farko ita ce hanyar da intanet zai bi ya iso ƙofar wurin sana'arka daga kamfanin da ke sayar maka. Ta biyu ita ce yadda za a raba shi a cikin ginin, ya kai ga kwamfutar akawu da kyamarar tsaro da wayoyin ma'aikata. Wi-Fi, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne intanet ɗin kansa, aikinsa na biyun ne kawai, ba ya ƙara ko ƙwayar zarra a kan abin da ya shigo daga waje. Saboda haka mutumin da cutarsa ke waje, ya je ya sayi maganin ciki, bai yi kome ba illa israfi, haka kuma wanda ya sauya kamfani sau uku alhali katangar ofishinsa ce ke tare masa sabis.

Bari mu fara da ta waje. Hanya mafi sauƙi, wadda akasarin masu ƙananan sana'o'i suke bi, ita ce rauta mai ɗaukar sim, ta 4G ko ta 5G. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin 5G a watan Disamba na 2021, MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel ya biyo a 2023, amma har yanzu galibi a manyan birane ake samunsa, a cikin biranen ma ba kowace unguwa ba. Falalar wannan hanya ita ce arha da gaggawa, a saya da safe a yi aiki da ita kafin azahar, in an tashi daga shagon kuma a ɗauke ta a hannu. Illarta kuwa ita ce turken sadarwar da kake sha daga gare shi na tarayya ne, kai da dubban mutanen da ke kewaye da kai, don haka sabis ɗin da ya yi gudu da asuba yana iya rarrafe da la'asar, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, wato daidai sa'ar da ka fi bukatarsa.

Inda wayar faiba ta iso layinku, a ra'ayina ita ce ta fi cancanta ta zama ginshiƙi, domin gudunta bai cika sauyawa da cikar kasuwa ko saukar ruwa ba; abin da ke kashe ta shi ne katafilar masu aikin hanya da masu haƙa kwalbati, kuma in ta tsinke gyaranta na iya cin yini ko fiye. Akwai kuma ƙananan kamfanonin cikin gari da suke kafa maka ɗan faranti a kan dogon ƙarfe, ya fuskanci nasu turken, sabis ya zo ta iska. Sharaɗin wannan shi ne faranti ya riƙa hangen turken ba tare da shamaki ba, ta yadda bene guda da maƙwabci ya ɗora, ko darbejiyar da ta yi tsawo a damina, ya isa ya ɓata al'amarin.

Sai tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta samu, kuma bambancinsa da taurarin da aka saba da su a da bambanci ne na nisa: waɗancan suna tsaye ne a sama da kilomita 35,000, har saƙo ya ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, su kuwa waɗannan suna kewaya duniya a kimanin kilomita 550, shi ya sa ana iya yin taro ta bidiyo da su ba tare da magana tana sarƙewa ba. Ga mai gonar kaji a bayan gari, ko asibitin karkara, ko kamfanin shinkafa da ke nesa da turke, wannan ni'ima ce babba. Amma farantinsa yana son sarari buɗaɗɗe a samansa, ruwa mai ƙarfi yana raunana shi na ɗan lokaci, kayansa da kuɗin watansa suna da nauyi kuma suna bin tashin Dala, sa'an nan yana shan wuta tsakanin wat 50 zuwa 100, alhali ƙaramar rauta ba ta cika wuce wat 10 zuwa 15 ba. Wanda ke zaune a tsakiyar birni, faiba na wucewa ta ƙofarsa, ban ga hujjarsa ta mai da tauraro hanyarsa ta farko ba.

To, wace za a zaɓa? Amsar ba ta fitowa daga tallan kamfani, tana fitowa ne daga lissafin da maigida zai zauna ya yi da kansa, ya tambayi zuciyarsa nawa yake asara idan sabis ya ɗauke na sa'a guda a ranar ciniki. Tela ko mai shagon aski da amsarsa ba ta kai kome ba, rauta mai sim ta wadatar da shi. Amma mai POS da dillalin magunguna da otal da wurin jarrabawa ta kwamfuta, waɗanda sa'a guda ke ci musu abin da ya fi kuɗin sabis na wata, wajibi ne a kansu su mallaki hanya biyu, kuma su tabbata hanyoyin ba masu mutuwa tare ba ne. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutane suke gafala da shi. Sau da yawa kamfanonin waya biyu suna haya ne a kan turke ɗaya, mallakar wani kamfani na uku irin su IHS, janareta ɗaya ke ba su wuta, in ya tsaya duka su yi shiru. Kuma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni da dama sun shiga ƙunci lokaci guda duk da bambancin sunayen waɗanda suke saye a wurinsu. Don haka faiba da sim, ko sim da tauraro, sun fi sim biyu aminci. Akwai kuwa rautoci masu karɓar hanya biyu, waɗanda suke komawa kan ta biyu da kansu da zarar ta farko ta faɗi.

Kafin a biya kuɗi, a gwada. A aro sim na kowane kamfani, a zauna a kan ainihin teburin da za a yi aikin, a auna gudu da safe da bayan azahar da bayan magariba, kwana biyu ko uku, har da ranar da kasuwa ta fi cika. A duba gudun aikawa kamar yadda ake duba na saukewa, domin kyamarar tsaro da maigida ke kallo daga gida, da taron bidiyo, da ajiye lissafi a intanet, duk aikawa ne. A kuma lura cewa kamfanoni da megabit suke talla, shi kuwa fayil da megabait ake auna shi, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Haka nan kalmar nan ta "ba iyaka" da ake rubutawa a kan wasu tsare-tsaren data: a nemi sharuɗɗan a rubuce, domin galibi akwai haddin da in an kai shi ake rage gudu. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin kashedi game da garari a cikin ciniki, wato sayen abin da ba a san adadinsa ko siffarsa ba, kuma ɗan kasuwar da ba zai karɓi dilar atamfa bai ƙirga turame ba bai kamata ya sa hannu a kan yarjejeniyar shekara bai san haddinta ba.

Yanzu sai cikin gida, inda na fi ganin ana zaluntar na'ura ana ɗora mata laifin da ba nata ba. Wi-Fi rediyo ne, ƙa'idarsa ta farko ta fito a 1997, kuma yawancin na'urorin yau suna aiki a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farkon ya fi nisa da ratsa bango, amma tashoshinsa da ba sa hawa kan juna uku ne kacal, ta 1 da ta 6 da ta 11, saboda haka a filaza mai shaguna hamsin, kowa da rautarsa, cunkoso ne tsagwaronsa. Na biyun ya fi gudu da yalwar tashoshi, sai dai katanga biyu ta bulo da siminti tana iya gamawa da shi. Ƙarfe kuwa abokin gabarsu ne su duka: ƙofar shago ta ƙarfe, da rufin kwano, da kantar ƙarfe, da dakalin bene mai rodi. Na sha shiga ofis na tarar da rauta a ƙasan teburin kashiya, cikin durowar ƙarfe, an kulle don tsoron ɓarayi, ma'aikata kuma suna ta tsine wa kamfani. Da za a fito da ita a maƙala a sama, a tsakiyar wurin, da rabin kukan ya ƙare ba a kashe ko kwabo ba.

Wani abin da ya kamata a fahimta shi ne na'urorin da ke tasha ɗaya bi da bi suke magana, tamkar majalisar dattawa a zaure, inda in ɗaya na magana saura sai su saurara. Idan kuwa aka sami mai nauyin baki, ko wanda ke can nesa sai an maimaita masa, lokacin kowa yake ci. Tsohuwar waya guda da ke can ƙarshen sito da sabis sanda ɗaya tana rage wa duk sauran gudu. Wannan ne dalilin da ya sa rautar gida, wadda aka ƙera don mutum goma, take gazawa a makaranta ko otal, kome yawan eriyarta. Lambar da ke jikin kwali ma kada ta ruɗi kowa: in an rubuta AC1200, an tara 300 na zango ɗaya ne da 867 na ɗayan aka cike, kuma babu wayar da za ta ga wannan adadi a aikace. Amfanin Wi-Fi 6, wanda ya shigo kasuwa a 2019, ya fi bayyana wajen iya ɗaukar na'urori masu yawa lokaci guda, kuma wannan shi ne abin da wurin sana'a yake bukata.

Idan wuri ya fi ƙarfin akwati ɗaya, mafita uku ce, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Ƙaramar na'urar ƙara nisa da ake cusawa a soket ita ce mafi arha kuma mafi rauni, domin da baki ɗaya take karɓa take mayarwa, sai gudu ya ragu da kusan rabi. Tsarin mesh, wato akwatuna biyu ko uku masu miƙa wa juna saƙo ta iska, ya dace da ginin haya inda mai gida ya hana fasa bango. Amma wanda ginin nasa ne, ko zai daɗe a ciki, shawarata gare shi ita ce ya daure ya ja waya zuwa kowane sashe, ya maƙala akwatin raba sabis a silin, ɗaya a kowane bene ko kowane dogon baranda. Wayar tana kai mita 100, kuma ita ce za ta kai wa akwatin wuta, ba sai an nemi soket a sama ba. Duk abin da ba ya motsi, kamar kwamfutar akawu da firinta da na'urar naɗar hotunan kyamara, a jona shi da waya, a bar iska ga masu yawo. In kuma akwai sito a tsallaken titi, faranti biyu masu kallon juna, irin na Ubiquiti ko MikroTik, za su haɗa gine-ginen ba tare da an sayi sabis na biyu ba.

Maganar wuta gajeriya ce: a ɗora rauta da akwatunan a kan inbata ko ƙaramin batir nasu na kansu, domin duk ɗaukewar wuta, ko ta daƙiƙa biyar ce kafin janareta ya tashi, tana jawo minti biyu ko uku na jiran na'ura ta farfaɗo, cinikin da ke tsakiya kuma ya maƙale.

Saura amana. Sunayen abokan ciniki da lambobinsu da bayanan asusunsu ajiya ce a hannun ɗan kasuwa, shari'a ta ɗora masa kiyaye ta, dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ta ɗora masa. Bai halatta a ce kalmar sirrin da aka rubuta a kwali aka manna a bango don baƙi ita ce kuma ke kai mutum ga kwamfutar lissafi ba. Kusan kowace rautar kirki tana iya buɗe sashe na dabam don baƙi, wanda ba ya ganin na'urorin ofis, ana kuma iya ƙayyade masa gudu don kada masu kallon fim su shanye rabon POS. A kulle da WPA2 ko WPA3, a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta, a sake sauya ta ranar da wani ma'aikaci ya bar aiki. Kuma ranar da injiniya ya gama haɗawa, kafin a cika masa kuɗinsa, ya rubuta wa maigida a takarda sunan kowace na'ura da inda take, da kalmar shiga cikinta, a kuma tabbata cewa asusun kamfanin sabis da sunan maigida da lambarsa aka buɗe shi, domin injiniyoyi suna sauya gari, suna sauya lamba, wanda zai zo gyara bayansa kuwa da wannan takarda zai fara aiki.