Ciwon Bayan Masu Aikin Kwamfuta: Tausa Ko Motsa Jiki?

Duk wanda ke wuni a gaban kwamfuta ya san yadda ƙugu ke riƙewa da yamma. Wasu sukan nufi wurin mai tausa, wasu kuma su sayi na'urar tausa mai caji irin su Theragun.

Tausa, ta hannu ko ta na'ura, tana sassauta tsokar da ta ƙage ta kuma rage raɗaɗi, amma sauƙin ba ya daɗewa. Motsa jiki kuwa, kamar tafiya a ƙafa da atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, shi ke ƙara wa bayan juriya.

Shi ya sa hukumar NICE ta Ingila, a ƙa'idar da ta fitar a 2016, ta ce kada likitoci su dogara da tausa ita kaɗai, sai an haɗa ta da motsa jiki.

Don haka kafin a kashe kuɗi kan na'ura, gara a saita ƙararrawar waya ta riƙa tunatarwa a tashi a ɗan taka duk bayan minti 30. Idan kuwa ciwon ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a garzaya asibiti nan take.