Hitila Ba Gwaninmu Ba Ne

Na gaji da ganin hoton mai guntun gashin bakin nan a wayoyin samarinmu. Shekaranjiya a wata fada kusa da mararrabar Tawa, nan Tsarnawa, ana jiran shayi na biyu, wani ɗan kabu-kabu ya miƙo mini salularsa yana cewa, "Mushe, ka ga namiji! Da ya ƙarasa Yahudawa da duniya ta huta." Na tambaye shi a wace ƙasa mutumin ya yi mulki. Shiru. Abin da ya sani kawai, ya ga gawarwakin yara a Gaza, ransa ya ɓaci.

Ɓacin ran nan ni ma ina da shi. Amma zaluncin yau ba ya wanke azzalumin jiya. Tsakanin 1933 da 1945 gwamnatin Hitila ta Jamus ta hallaka Yahudawa kusan miliyan 6, har da jarirai da tsofaffi, laifinsu kawai tsatson da suka fito.

Masu cewa Hitila masoyin baƙar fata ne, ku saurara. A 1937 aka tattara ƴaƴan da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus, aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya. A watan Yunin 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojinsa suka ware fursunoni baƙaƙe daga farare, suka buɗe wa baƙaƙen wuta. Sojojin Afirka ta Yamma ne, irin waɗanda Faransa ta kwasa daga ƙauyukanmu. A Airaines, kyaftin Charles N'Tchoréré ɗan Gabon ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi, suka harbe shi nan take. Wannan ne gwanin naka?

Waɗanda suka tsira fa? Simone Veil, Bayahudiya ƴar Faransa, tana da shekara 16 aka kai ta sansanin Auschwitz a 1944, aka tsaga mata lamba a hannu kamar dabbar kasuwa. Uwa da uba da ɗan'uwa duk suka tafi. Ta rayu, har ta shugabanci majalisar Turai a 1979. A Balin, likita ɗan Masar, Mohamed Helmy, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya har aka gama yaƙi. A Albaniya, Musulmi da Kirista suka buɗe ƙofofinsu ga masu gudun mutuwa. Idan gwani kake nema, ga su nan.

Mu da kakanninmu suka ga yadda hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899, mun san ɗacin a kashe mutum don an raina jinsinsa.

Don haka, kowane hoto ya shigo maka, tambayi kanka wa ya ƙirƙira shi kafin ka tura. Mai kula da zauren WhatsApp ya goge, ya kuma ja kunnen mai turowa. Malaman lakwal su ware ko da sa'a guda ranar 27 ga Janairu, ranar tunawa da kisan Yahudawan nan. Limamai su raba wa jama'a tsakanin sukar gwamnati da ƙin al'umma ɗungurungum. Iyaye su daina barin yara suna zagin juna da sunan ƙabila ko addini. Mu riƙe wasan taubasai, irin na Bagobiri da Bazabarme, wanda ke mayar da faɗa dariya.

Kai kuma ƙanena mai kabu-kabu, da ka faɗa hannun mutumin nan a 1940, launin fatarka kaɗai ya isa.