Tuba: Tsakanin Zaƙin Murya da Daidaiton Saiti

Duk wanda ya taɓa kallon faretin 'yan badujala ya ga wannan ƙaton abin busa na tagulla da ake rungumewa kamar tulu. Sunansa tuba, shi ne mai murya mafi kauri a cikin danginsa. A Berlin Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi rajistar ƙirƙirarsa a 1835, kuma har yau mai shirin saye yana shan fama da tambaya guda: murya zai bi, ko saiti?

Matsalar daga lissafi ta taso. Kakakin fada bututu ne miƙaƙƙe, sautukan da yake bayarwa 'yan kaɗan ne. Tuba kuwa tana da bawul uku zuwa shida, kowanne idan aka danna sai ya ƙara wa iska tsawon hanya, sauti ya yi ƙasa. Babbar tuba, in an warware ta, ta kai ƙafa 18, kuma saukar da sauti rabin mataki na buƙatar ƙarin kashi 6 cikin 100 na tsawon. To, da zarar an danna bawul biyu ko uku tare, bututun ya riga ya ƙaru, ƙarin da aka auna masa tun farko ya gaza. Sai sautin ya haura inda ya kamata ya tsaya.

Maƙera sun yi ta dabara. A Landan, David Blaikley na kamfanin Boosey ya fito da tsarin da ke mayar da iska ta wasu ƙananan bututai don cike giɓin, aka yi masa rajista a 1878. Ƙungiyoyin busa na Ingila sun riƙe shi gam, ko da yake wasu mabusa na ƙorafin cewa yawan lanƙwasa yana shaƙe ƙananan sautuka.

Jamus ta ba da misalai biyu da mabusa ba sa gajiya da kwatantawa. Alexander 163, ƙirar birnin Mainz, ta yi suna da murya mai duhu da kauri wadda ke cika zaure, amma tsofaffinta sai da lallashi: hannun hagu kullum yana kan bututun zamiya, a ja, a tura, a sauya yatsu. Miraphone 186 ba ta da wannan rigimar, shi ya sa malamai ke yawan miƙa ta ga ɗalibai.

Malaman suna da hujja. Yaron da kunnensa bai nuna ba, idan kayansa na yi masa ƙarya, ƙaryar zai haddace. Ƙwararre kuwa ya san gargadar kayansa kamar yadda direba ya san ramukan hanyar garinsu, don haka yana iya sayen murya ya biya da wahalar hannu.

Masu gwada tuba kafin saye sukan tafi da na'urar auna sauti da kuma aboki mai kunne. Na'urar tana gaban mai busa, abokin kuma a can ƙarshen zaure, domin abin da mai busa ke ji a ƙarƙashin bakin tuba daban yake da abin da ke isa kujerar baya.