FASHIN BAƘI: Me ake nufi idan aka ce bincike ya gano ganye na rage kumburi?

Kusan kullum ana yaɗa labarin cewa masana sun gano zogale, kurkur ko habbatus sauda na maganin kumburi. Galibin waɗannan labarai daga ɗakin gwaji suka samo asali, inda aka yi aiki da ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin ƙananan faranti, ba da majinyata ba.

Kumburi kansa kariya ne. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira makurofej kan saki sinadarai irin su TNF-alfa da IL-6 domin kiran ɗauki. Matsalar tana tasowa ne idan kiran ya ƙi tsayawa, kamar yadda yake faruwa a wasu cututtukan amosanin gaɓɓai.

A wajen gwaji, masu bincike sun fi amfani da makurofej na ɓera mai suna RAW 264.7. Sukan tsokane su da LPS, sinadarin da ke fatar wasu bakteriya, sannan su zuba abin da suka tatso daga ganyen, su auna ko sinadaran kumburi sun ragu. Dole kuma su tabbatar ƙwayoyin na raye, domin matacciyar ƙwaya ma ba ta sakin komai.

Sai dai faranti ba shi da hanji ko hanta. Sinadarin kurkumin da ke cikin kurkur ya nuna ƙarfi a gwaje-gwaje masu yawa, amma kaɗan ne daga cikinsa ke isa cikin jini idan aka ci shi. Wani nazari da aka wallafa a mujallar Journal of Medicinal Chemistry a 2017 ya bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi wa mutane, bai sami ingantacciyar hujjar warkarwa ba.

Wannan ba ya rage darajar tsirrai. Asfirin na da alaƙa da sinadarin ɓawon wata bishiya, amma sai a 1897 aka haɗa shi a kamfanin Bayer na Jamus, kuma sai a 1971 John Vane ya gano yadda yake rage kumburi.

A Najeriya, lambar NAFDAC mai harafin L a jikin maganin gargajiya na nuna an duba ko yana cutarwa ne kawai, hukumar ba ta tabbatar yana warkarwa ba. Tabbatarwar na buƙatar gwaji a kan dabbobi, sannan a kan mutane, aiki mai cin kuɗi da ya rataya a wuyan jami'o'i da cibiyoyi irin NIPRD ta Abuja. Muddin gwamnati ba ta ware masa isassun kuɗi ba, majinyaci ne zai ci gaba da zama abin gwaji, da kuɗinsa da kuma ƙodarsa.